Raƙumi a Ƙanƙara, Beyar a Hamada: Wa Zai Riga Faɗuwa?

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau wata ɗalibata ta yi min tambayar da har yanzu take yawo a kaina. Muna darasin yadda dabbobi ke rayuwa a hamada da kurmi da teku da ƙasashen ƙanƙara, sai na ce musu a duk dabbobi babu mai juriyar raƙumi. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, idan aka kai raƙumi ƙasar ƙanƙara, aka ɗauko farar beyar ɗin can aka kawo ta hamada, wa zai riga mutuwa?" Farar beyar ita ce ƙatuwar dabbar nan mai cin nama da ke zaune a ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. Na ce wa yarinyar ta ba ni zuwa Litinin. Ba na son in sallame ta da amsar jeka-na-yi-ka, domin yaron da ya yi irin wannan tunani ya cancanci a ba shi gaskiya. Masana, ku taimaka min.

Ɗan Autan Zaure:
Wa alaikumus salam Anti Malama. Ai wannan ba ta da wuya, beyar ce za ta riga. Raƙumi yana da tankin ruwansa a tozo, ko ina aka kai shi da guzurinsa yake tafe.

Baba Makiyayi:
Ɗana, babu ko ɗigon ruwa a tozo. Kitse ne zalla. Na fi shekara arba'in ina tare da raƙuma, kuma tozo shi ne abin da muke fara dubawa in muna son sanin halin da dabba take ciki. Raƙumin da ya ƙoshi, tozonsa a tsaye yake ƙyam, in ka danna shi da tafin hannu sai ka ji tauri. Wanda ya sha doguwar tafiya da yunwa, tozon yakan zube ya kwanta gefe guda kamar jakar da aka zazzage. In ka ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi, cikinsa ne zai ciko nan take, tozon yana nan a kwance. Sai ya yi makonni yana kiwo mai kyau kafin ya miƙe.

Ni ma ina da tawa tambayar ga masu boko. Da tsakar rana, in zafi ya kai zafi kuma sun kwana biyu ba su sha ruwa ba, raƙuma sukan durƙusa su matsu da juna, gefe na gogar gefe, kowanne ya fuskanci rana. Mutum in yana jin zafi nesa yake yi da ɗan'uwansa. Su me ya sa suke matsuwa?

Ɗan Autan Zaure:
Na gode Baba, na karɓi gyara. To in ba a tozo yake ajiye ruwan ba, ina yake ajiyewa?

Likitar Dabbobi:
Ƙanena, sirrin raƙumi ya fi ƙarfi wajen tattali, ajiya kaɗan ce a ciki. Jikinka da nawa suna tsaye ne a kan digiri 37 a ma'aunin salsiyos. Da zarar zafi ya nemi ya haura haka, sai mu fara gumi, wato muna zubar da ruwa don mu sayi sanyi. Raƙumin da ke cikin ƙishi ba ya wannan cinikin da wuri. Da asuba jikinsa yakan sauka har wajen digiri 34. Rana na ɗagawa jikin na ɗumama a hankali, shi kuma bai fara gumi sosai ba sai ya haura digiri 40. Zafin da ya tara duk yini, in dare ya yi hamada ta huce, sai ya sake shi cikin iska ba tare da ya kashe ruwa ba. Wani masani, Knut Schmidt-Nielsen, shi ya auna wannan a Saharar Aljeriya a shekarun 1950. A lissafinsa, raƙumi mai nauyin kilo 500 yakan tsira da ruwa wajen lita 5 a yini ta wannan hanya kaɗai.

Sai hanci. Cikinsa lunguna ne masu yawa, kuma iskar da yake fitarwa tana barin wani kaso na danshinta a nan kafin ta fita. Ƙodarsa tana matse fitsari ya fito da kauri, kashinsa kuma a bushe. Zai iya rasa ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa yana tafe, alhali mutum tun kafin ya kai rabin haka yana bakin mutuwa. In ya samu ruwa kuma yakan shanye lita 100 cikin 'yan mintuna. Jajayen ƙwayoyin jininsa siffar ƙwai gare su, suna iya kumbura sosai ba su fashe ba, shi ya sa shan ruwa mai yawa a lokaci guda ba ya yi masa illa.

Tozon ma yana da hannu a maganar zafi. Da a ce kitsen nan a shimfiɗe yake ƙarƙashin fatarsa duka, da ya zame masa bargo ya hana zafi fita. Da aka tara shi wuri guda a baya, sauran jikin ya samu sarari.

Injiniya:
Likita, ina da ja a nan. Na san in jiki ya ƙona kitse yana samar da ruwa, har ma giram ɗaya na kitse yakan ba da ruwan da ya ɗan fi giram ɗaya. Ashe ke nan Auta bai yi kuskure ba, tozo tankin ruwa ne ta bayan gida.

Likitar Dabbobi:
Lissafinka daidai ne, Injiniya, amma ka manta kuɗin dako. Kitse ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin, oksijin kuma sai an shaƙa. Kowane numfashi a busasshiyar iskar hamada yana fita da danshi daga huhu, kuma abin da ke fita ta nan yakan cinye ribar. Wanda ya ci moriyar wannan hanya da gaske shi ne wani ɗan ɓera mai tsalle a hamadun Amurka ta Arewa. Zai iya ƙare rayuwarsa bai sha ruwa ba, busasshiyar tsaba kawai yake ci. Amma duba sharaɗin: yini yake a rami mai ɗan danshi, ya toshe ƙofa, sai dare ya fito. Raƙumi ba shi da ramin da zai shiga.

Malamar Aji Shida:
Ina ta rubutawa. Amma har yanzu ba mu kai raƙumin ƙanƙara ba.

Ɗalibin Bayoloji:
Malama, ai raƙumi ya riga mu zuwa can. Raƙumi mai tozo biyu yana zaune a hamadar Gobi, tsakanin Mongoliya da Sin, inda sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokaci har 40. Yakan fitar da gashi mai kauri kamar an lulluɓe shi da bargo, in zafi ya shigo ya zubar da shi faifai-faifai. In ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara yake ci.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karatun nan: asalin dangin raƙuma a Amurka ta Arewa aka samu ƙasusuwansu mafi tsufa. A 2013 wata masaniya 'yar Kanada, Natalia Rybczynski, da abokan aikinta suka ba da sanarwar gutsattsarin ƙashin ƙafar wani ƙaton raƙumi da suka tono a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada. Shekarunsa sun kai miliyan uku da rabi. A lokacin wurin ya fi yanzu ɗumi, daji ne, amma duk da haka akwai hunturu mai tsanani da watannin duhu. Su masu binciken suna ganin faffaɗar ƙafar da ba ta nutsewa a rairayi ita ce dai ba ta nutsewa a dusar ƙanƙara, kuma kitsen tozo guzuri ne mai kyau ga dogon hunturu.

Baba Makiyayi:
Ikon Allah. Raƙumi a ƙanƙara! Amma ɗana, namu mai tozo ɗaya ba ya son sanyi mai haɗe da jiƙa. Ƙasa mai laka ma tana wahalar da shi, santsi yake yi, ƙafafun su buɗe, in ba a yi sa'a ba ya ji ciwon da ba ya tashi. Ƙafar nan mai taushi kamar matashi, wadda take tafiya a kan yashi ba ka jin motsinta, a cikin taɓo ba ta da abin riƙewa.

Ɗalibin Bayoloji:
Gaskiya ne Baba. Kuma ko mai tozo biyun, in aka ajiye shi inda farar beyar take, yunwa ce za ta kashe shi kafin sanyi. Beyar a kan daskararren teku take yawo, babu ganye babu ƙaya.

Likitar Dabbobi:
Bari in ɗauki ɓangaren beyar, don in aka dube ta da kyau za a ga ita ce a cikin haɗari mafi girma. Duk jikinta an gina shi ne a kan abu ɗaya: kada zafi ya fita. Gashi hawa biyu, na ciki mai laushi da yawa, na waje dogo mai rami a tsakiya. Gashin ma ba fari ba ne, garai yake kamar gilashi, hasken da ke warwatsuwa a cikinsa ne ke sa mu gan shi fari. Fatar da ke ƙarƙashi baƙa ce. Sai kitse a ƙarƙashin fatar da kan kai kaurin santimita 10. Kunnuwa ƙanana, wutsiya guntuwa. Rufin nan ya yi kyau har ya zame mata matsala a gidanta ma: in ta yi gudu na ɗan lokaci zafi ke kama ta, sai ta tsaya ta kwanta a kan ƙanƙara ko ta faɗa ruwa. Shi ya sa za ka ga tafiyarta a hankali take.

Yanzu ɗauki wannan dabba ka ajiye ta a rairayi da rana tsaka. Ba ta da hanyar fitar da zafi sai haki, haki kuma ruwa yake ci. Malama, in tambayar ita ce wa zai riga faɗuwa, beyar ce, kuma da tazara mai nisa. Zafi kan kashe cikin sa'o'i, yunwa kuwa tana ɗaukar makonni.

Ɗan Autan Zaure:
Ashe dai amsata ta yi daidai, dalilin ne ya kauce.

Injiniya:
Ni fa ban gamsu da cewa dole ta mutu ba. Komai sabo ne. In aka kawo ta a hankali, aka bar ta ta haihu a wuri mai zafi, 'ya'yanta za su taso da gajeren gashi, jikoki su fi su. Ba haka raƙumin dawa ya samu dogon wuya ba? Yana ta miƙa wuya yana neman ganye har wuyan ya tsawaita.

Ɗalibin Bayoloji:
Yaya Injiniya, a nan ne mutane da yawa ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: sabo da gado. Sabo gaskiya ne. Mutumin da ya koma zama kan tsauni mai tsawo, cikin makonni jininsa yakan ƙara jajayen ƙwayoyi don iskar can ba ta da kauri. Dabba takan ƙara gashi da hunturu. Amma wannan canji yana da iyaka, kuma a jikin mai shi yake tsayawa. Maƙerin da damtsensa ya yi ƙarfi saboda guduma ba ya haifar jariri mai ƙaton damtse. Tunanin da ka kawo, wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya rubuta irinsa tun 1809, kuma ba haka aka samu abin yake ba.

Ga abin da aka gani da ido aka auna. Wasu masana biyu, mata da miji, Peter da Rosemary Grant, sun fara aiki a 1973 a wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major cikin tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik. Suna kama 'yan tsuntsaye masu cin tsaba, su sa musu zobe a ƙafa, su auna bakin kowanne. A 1977 aka yi fari mai tsanani. Ƙananan tsaba masu taushi suka ƙare, aka bar manya masu tauri. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan nau'in tsuntsu suka mutu. Waɗanda suka rage, galibinsu masu kaurin baki ne da ke iya fasa tsaba mai tauri. Da ruwa ya dawo suka hayayyafa, sai aka auna 'ya'yansu aka ga bakinsu ya fi na tsarar da ta gabata kauri.

Ka lura, babu tsuntsu ko ɗaya da bakinsa ya ƙara kauri don ya yi ƙoƙari. Tun farko akwai masu kaurin baki da masu sirantaka a cikinsu. Fari ya tace, waɗanda suka tsira suka gadar wa 'ya'yansu abin da suke da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kuma labarin bai tsaya nan ba. A 1983 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a tsibirin, tsirrai masu ƙananan tsaba suka mamaye ko'ina. A shekarun da suka biyo baya sai masu ƙaramin baki suka fi samun sauƙin rayuwa, ma'aunin ya juya baya.

Hajiya Uwar Zaure:
Ɗana, ina bin bayaninka, amma a yi hattara kada maganar ta kai mu inda za a ce abubuwan nan su suka yi kansu. Ni duk abin da kuka lissafa, hikimar Mahalicci nake gani a ciki.

Ɗalibin Bayoloji:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni ma ban taɓa duban hancin raƙumi ko idon mujiya ban yi tasbihi ba. Abin da na kawo awo ne na bakin tsuntsu kafin fari da bayansa. Baba ma ya san irinsa a garke: in ana zaɓen wanda zai yi barbara, ana samun 'ya'ya masu kama da shi. A daji fari da sanyi da yunwa ne ke yin zaɓen.

Hajiya Uwar Zaure:
To madalla. A ci gaba, amma a tsaya kan dabbobi.

Injiniya:
Na ji batun gado. Amma ka ƙarfafa min gwiwa ne ma: in baki ya canza cikin shekara biyu, me zai hana beyar canzawa?

Likitar Dabbobi:
Tsuntsun nan a shekara guda ya isa haihuwa, kuma canjin da aka auna ɗan kaɗan ne, ba ya wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Beyar sai ta kai shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, 'ya'ya biyu galibi, sannan ta yi fiye da shekara biyu tana reno. Kuma tacewa tana bukatar a samu waɗanda suka tsira. In duka suka mutu a makon farko, wa zai gadar?

Malamar Aji Shida:
Akwai misalin da zan iya nuna wa yara a hoto su gane nan take? 'Yan shekara goma sha ɗaya ne.

Ɗalibin Bayoloji:
Kunne, Malama. Ki nemi hoton yanyawa da na 'yar'uwarta ta ƙasar ƙanƙara, ki jera su. Yanyawa ba ta fi kilo ɗaya da rabi ba, amma kunnenta kan kai santimita 15. Tana jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin yashi da shi, kuma jini na bi ta cikinsa yana sakin zafi. Ta ƙanƙara kuwa kunnuwanta gajeru ne a dunƙule cikin gashi, hanci gajere, ƙafafu gajeru, in ta kwanta ta naɗe ta rufe fuska da wutsiya. Abin sha'awa, dukansu biyu suna da gashi a tafin ƙafa: ɗaya don kada yashi ya ƙona ta, ɗaya don kada ƙanƙara ta ci ta. Wani Ba'amurke, Joel Allen, ya lura da wannan tsari tun 1877, cewa dabbobin wurare masu sanyi gaɓoɓinsu na waje sun fi gajarta.

Giwa ma haka. Ta Afirka da ke yawo a fili cikin rana ta fi ta Asiya faɗin kunne nesa ba kusa ba. Bayan kunnen jijiyoyin jini ne shimfiɗe kamar saiwoyi, in tana kaɗa shi jinin na hucewa ya koma jiki.

Baba Makiyayi:
Kuna ta maganar masu jurewa. Akwai kuma wanda ba ya jurewa, ɓuya yake yi. Ina yaro na taɓa ganin an haƙa busasshen tafki, ƙasa ta tsattsage kamar ba a taɓa ruwa a wurin ba, sai ga gaiwa a dunƙule cikin wani kwanso kamar busasshiyar fata, wutsiyarta a kan fuskarta. Na ɗauka matacciya ce. Aka saka ta a ruwa, ba a jima ba ta warware ta fara motsi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Likitar Dabbobi:
Baba, ka ga abin da masana ke tafiya mai nisa don su gani. Gaiwa kifi ce mai huhu. In ruwa ya fara janyewa sai ta nutsa cikin laka, ta fitar da majina ta lulluɓe jikinta, majinar ta bushe ta zama wannan kwanson, ta bar 'yar ƙofa a saitin baki don iska. Bugun zuciya ya ragu, aikin jiki ya sauka ƙasa ƙwarai, tana cin naman jikinta kaɗan-kaɗan. Watanni take yi a haka, kuma an ga waɗanda suka haura shekara uku. Amma huhun nan yana da farashi: gaiwa dole ta riƙa leƙowa sama tana shaƙar iska. In aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa, nutsewa za ta yi ta mutu, tana kifi.

Tana da takwara a ƙasar sanyi. Wani kwaɗo a dazukan Alaska da Kanada, in hunturu ya zo yakan shige ƙarƙashin busassun ganye ya daskare. Zuciya ta tsaya cak, numfashi ya tsaya, wajen kashi biyu cikin uku na ruwan jikinsa ya zama ƙanƙara. Kafin hakan hantarsa takan zuba sukari mai yawa cikin jini, sukarin ya kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, ƙanƙarar ta tsaya a tsakaninsu ba ta shiga ciki ba. In ɗumi ya dawo ya narke, zuciya ta ci gaba da bugawa, ya yi tsalle ya nufi ruwa.

Ɗan Autan Zaure:
Subhanallah. Anti Likita, to a cikin duka wa ya fi?

Likitar Dabbobi:
Ni wannan kalmar "ya fi" ce nake so Malama ta cire daga darasin, don ita ta haifi tambayar yarinyar. Duk baiwar da muka ambata, in ka juya ta za ka ga abin da aka biya.

Raƙumin dawa yana cin ganyen da babu mai kai wa gare shi. Gaɓoɓin ƙashin wuyansa bakwai ne kamar naka, kowace dai doguwa ce. Amma kafin jini ya hau wannan wuya ya kai ƙwaƙwalwa, sai da zuciya mai nauyin kilo 11 da ƙarfin bugun jini kusan ninki biyu na mutum. In zai sha ruwa sai ya tale ƙafafun gaba ya sunkuya, kuma a wannan tsayuwar zaki ke samun sa. Rabbi, mai kama da damisa, yakan kai gudun kilomita 100 a awa, amma na 'yan daƙiƙu. Jikinsa siriri ne, haƙoransa ƙanana, in ya kama nama yana haki kura ta zo sai ya bar mata.

A tekun Antaktika, can ƙuryar kudancin duniya, akwai kifin da jininsa ba ja ba ne, don ba shi da himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin. Ruwan can yana ƙasa da sifili da kusan digiri 2, kuma ruwa mai sanyi yana riƙe oksijin da yawa, don haka yana rayuwa a haka, da babbar zuciya da jini mai yawa. A jinin dangin kifayen nan akwai wani furotin da ke hana ƙanƙara girma, wanda Arthur DeVries ya gano a ƙarshen shekarun 1960. Ka ɗumama ruwan da 'yan digiri kaɗan, kifin ya mutu. Abincin wani gubar wani.

Injiniya:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don haka yake a aikinmu. Injin da aka ƙera don aiki guda ya fi kowane iya wannan aikin, kuma shi ne farkon zama banza in aikin ya canza.

Ɗalibin Bayoloji:
Kuma ba sai an ɗauki dabba an kai ta wani wuri ba, Yaya. Wurin ma yana iya canzawa a ƙarƙashin ƙafarta. Akwai wani zomo a dazukan arewacin Amurka, ruwan ƙasa ne da ɗumi, fari fat da hunturu. Abin da ke sa shi sauya gashi tsawon yini ne, ba zubar dusar ƙanƙara ba. In yini ya gajarta ya fara fari, ko dusar ta zo ko ba ta zo ba. Yanzu da take makara a wurare da dama kuma take saurin narkewa, sai ka ga farin zomo zaune a kan baƙar ƙasa, ya yi lamo yana zaton a ɓoye yake, mujiya na hango shi daga nesa.

Beyar ɗin da muke magana ma haka. Abincinta wata dabbar teku ce mai kitse da ake kira sil, kuma a kan ƙanƙarar teku take kama ta, ta tsugunna a bakin ramin da sil ɗin ke leƙowa shan iska. A yammacin gaɓar tekun Hudson a Kanada, in ƙanƙarar ta narke sai beyar ta hau tudu ta zauna da yunwa, tana rasa wajen kilo ɗaya kowace rana har teku ya sake daskarewa. Wannan zaman jira ya ƙaru da makonni in aka kwatanta da shekarun 1980. Abin yana damuna ƙwarai, don uwar da ta rame ba ta iya shayar da 'ya'ya.

Malamar Aji Shida:
Allah ya saka da alheri. Zan gaya mata beyar ce za ta riga, in gaya mata dalili, sannan in janye maganata ta cewa raƙumi ya fi kowa a gaban aji. Zan kuma kai ruwan ɗumi in zuba rabi a faranti rabi a kofi, su taɓa bayan minti goma su faɗa min wanne ne kunnen yanyawa.

Amma ba a amsa wa Baba tambayarsa ba tun ɗazu.

Likitar Dabbobi:
Baba ka gafarce mu, magana ta ja mu. Da tsakar rana a hamada, iska da yashi sun fi jikin raƙumi zafi, balle ma da ya fara yinin da jiki mai sanyi. Don haka abu mafi sanyi da ke kusa da shi shi ne ɗan'uwansa. Duk gefen da ya manna da wani raƙumi, ya tsare shi daga rana da iska mai zafi. Fuskantar rana kuma don ta same shi ta inda ya fi siranta ne, ba ta faɗin haƙarƙari ba. In ka lura, yakan zauna wuri guda tun safe a kan ƙasar da inuwarsa ta hana yin zafi, yana ɗan juyawa yana bin rana.

Can Antaktika kuma akwai tsuntsun fengwin, babban cikinsu. Mace ta yi ƙwai ɗaya ta miƙa wa namiji ta tafi teku, shi ya ɗora shi a kan ƙafafunsa ya rufe da fatar ciki, ya tsaya haka fiye da wata biyu cikin duhu da sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, bai ci komai ba. Dubbansu sukan matsu wuri guda, suna ɗan matsawa taku-taku, na gefe su samu shiga ciki. Su suna matsuwa don ɗan'uwa ya fi iska ɗumi, raƙumanka suna matsuwa don ɗan'uwa ya fi iska sanyi.

Baba Makiyayi:
Allahu akbar. 'Yata, juyawar nan da kika faɗa na sha ganinta. Da hantsi in na bar su suna kallon gabas, in na dawo bayan azahar sai in tarar sun karkata, kuma shaidar gwiwoyinsu tana nan a wuri guda a kan yashi. Sau da yawa nakan tashe su in raba su, ina ganin taimakonsu nake yi. Gobe zan gaya wa yaran da ke tare da su yanzu, in sun ga sun matsu da rana, su ƙyale su.